Gaɓar ƙugu ta cinye: in yarda a sa mani ƙarfe, ko in ƙara daurewa?

Assalamu alaikum Anti Hajiya,

Ni malamar firamare ce a nan cikin garin Katsina, shekaruna 54, 'ya'yana shida. Shekara huɗu ke nan ina fama da ƙuguna na dama. Da farko sai na yi doguwar tafiya yake motsawa, yanzu ko a kwance nake ba ya barin in runtsa. Daga matsematsi yake tasowa, ya bi cinya har gwiwa. Ƙafar nan ba na iya ɗaga ta in wanke wajen alwala, sai autata ta riƙe buta ta cuɗa mani. Salla kuwa a kujerar roba nake yi tun azumin bara. Kullum da safe sai na haɗiyi diclofenac kafin in iya hawa Napep zuwa makaranta, da dare in ƙara, wata rana har sau uku. An yi mani gashin ƙashi, an taɓa yi mani allura a cikin gaɓar, na sami sauƙi wata biyu ciwon ya dawo. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce gaɓar ta cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi, sai dai a cire a sa ta ƙarfe.

Maigida ya ce ban kai shekarun wannan aiki ba, in bari sai na yi ritaya, don ya ji an ce ƙarfen shekara goma kawai yake yi. Surukata ta ce sanyi ne, akwai mai magani a wani ƙauye wajen Daura. Yayana kuma ya ce in aka sa mani ƙarfe, ni da sujada har abada. Kuɗin da ke hannuna na adashin Hajji ne da na yi shekara bakwai ina tarawa. Ina da hawan jini da ɗan suga. Anti, in yi ko in daure? In kuma zan yi, yaushe?

Maman Halifa, Katsina

Wa alaikumus salam Maman Halifa. Sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ce.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duka biyun a wurin butar nan na tsaya. Macen da ta haifi shida ta raine su, take tsayuwa gaban allo tun safe har azahar, ba ta miƙa wa 'yar cikinta ƙafa a wanke mata sai abu ya kai inda ya kai. Ni ba likitar tiyata ba ce, ma'aikaciyar jinya ce da ta tsufa a ɗakin masu ciwon ƙashi, kuma ban ga hotonki ba. Amma tunda kin tambaye ni kai tsaye, ba zan yi miki kwana-kwana ba: bisa abin da kika rubuto, lokacin aikin ya yi. Akwai gyare-gyaren da sai an yi tukuna, don haka ba gobe da safe ba ne, amma zancen watanni ake yi, ki cire ritaya daga lissafin.

Likitan kirki ba hoto yake yi wa aiki ba. Na sha ganin hoton da in kika kalla sai ki rantse mai shi ba ya tashi, alhali tsohon da ƙafarsa ya tako daga tasha, yana ta tsokanar mu da wasan jika da kaka. Irin wannan ba a taɓa shi. Abin da ake dubawa shi ne abin da ciwon ya ƙwace wa mutum. Ya hana shi barci? Ya hana shi ƙananan abubuwan da kowa ke yi wa kansa, wanke ƙafa, yanke farce, shiga mota? An gwada ƙwayoyi da gashi da allura sun gaza? Ke da kanki kin amsa duka kafin in tambaya.

Bari in kwatanta miki abin da ke ciki, zai taimake ki wajen yi wa mutanen gida bayani. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne kamar curin fura, yana zaune cikin wani gurbi mai kamar ƙoƙo a jikin ƙashin ƙugu. Duka biyun a lulluɓe suke da guringuntsi mai santsi, farin nan mai sheƙi da kike gani in an ɓalle gaɓar rago ranar layya. Shi ke sa ki juya ƙafa ba ki ji komai ba. In ya zaizaye, ƙashi ya haɗu da ƙashi, kuma guringuntsin babba ba ya sake tsirowa. A wajen aikin, ana yanke curin da ya lalace, a zura ƙarfe cikin ɓargon ƙashin cinya, a ɗora masa sabon kai na ƙarfe ko na tangaran, sannan a kankare ƙoƙon a dasa sabo mai rufin wata roba mai tauri. Awa 1 zuwa 2 ake ɗauka, galibi da allurar baya wadda ke kashe jiki daga wajen cibiya zuwa ƙasa.

Kalmar ƙugu kanta tana rikita mu. Mai ciwon baya ƙugu zai ce, mai ciwon kwankwaso ƙugu, mai ciwon gaɓa ma ƙugu. Ciwon da ke tasowa daga gadon baya ya bi bayan cinya har tafin ƙafa, ana jin kamar tafiyar kiyashi, galibi jijiya ce ta danne a ƙashin baya, sabuwar gaɓa ba abin da za ta yi masa. Naki na matsematsi ne zuwa gwiwa, wanda ita ce hanyar da ciwon gaɓar ya saba bi. Allurar nan da aka yi miki a ciki kika sami sauƙi wata biyu, kada ki ɗauke ta asarar kuɗi. Ita ce ta nuna cewa a nan ɓarnar take.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mani da hankali a wasiƙarki, wanda kuma ba wanda ya ɗaga maganarsa a gidanku: diclofenac biyu zuwa uku kullum, ga hawan jini, ga suga. Shi da 'yan uwansa, ibuprofen da piroxicam da haɗin nan da ake ƙullawa a leda a kemis, suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna cin bangon ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, suna kuma ƙara hawan jini. Suga da hawan jini dama su ne manyan masu lalata ƙoda, ke kuma kin ƙara masu na uku. Ko za ki yi aiki ko ba za ki yi ba, cikin satin nan ki je a ɗebi jini a duba ƙodarki da yawan jininki, ki faɗa wa likita gaskiyar adadin da kike sha, ya canza miki tsari. In kika ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko ƙafafu sun kumbura, kada ki jira wayewar gari. Kuma kada wani ya ba ki shawarar komawa tramadol da kanki, wannan gudun gara ne a faɗa zago.

Ina da gwaggo a Daura, Allah Ya jiƙanta, da aka ce a yi mata wannan aiki tana da sauran ƙarfinta. Ta ce sai ta aurar da autarta. Aka yi biki, ta ce sai an yi suna. Shekara bakwai tana ƙulla haɗin kemis a gefen zane. Ranar da ta ce ta yarda, ni na kai ta da kaina. Cinyar ta tsotse ta koma kamar taɓarya, ƙafar ta gajarce sai da kan yatsu take takawa, gwiwar ɗaya ƙafar da ta yi shekaru tana ɗaukar kayan mutum biyu ita ma ta kumbura. Aka yi gwaje-gwaje. Likitan da ke sa barci ya duba sakamakon ƙoda, ya ajiye takardar a hankali kan tebur, ya ce, "Hajiya, a yadda ake ciki yanzu ba zan iya ba." A mota ba ta ce uffan ba sai da muka kusa shiga gari, sannan ta ce, "Da kin ja ni da ƙarfi tun wancan lokaci." Ban ja ta ba, don kunya irin ta ɗa da mahaifi. Ke kam zan ja ki.

Maganar maigida ba ta banza ba ce, kada ki yi fushi da shi. Tsoro ne, kuma yana da tushe, sai dai lissafin da ya ji tsoho ne. Aikin nan a yadda ake yinsa yau, wani likitan Ingila ne, John Charnley, ya daidaita shi a asibitin Wrightington a 1962, kuma tun daga nan ake bibiyar waɗanda aka yi wa. A 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken wasu masana na Jami'ar Bristol da suka duba bayanan gaɓoɓin ƙugu sama da 200,000. Cikin kowace 100, kusan 89 suna nan lafiya bayan shekara 15, kusan 70 bayan shekara 20, kusan 58 bayan shekara 25. Alƙaluman ƙasashen Turawa ne, ban ce namu zai zo daidai da nasu ba, amma ki lura waɗanda suka kai shekara 25 ɗin da tsofaffin kayan aiki aka sa su. Robar da aka fara amfani da ita daga ƙarshen shekarun 1990 ta fi jure guga nesa ba kusa ba.

Inda yake da gaskiya shi ne, wanda aka yi wa a 54 ya fi wanda aka yi wa a 70 yiwuwar a sake buɗe shi wata rana, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada. Wannan ba a ɓoye shi. To amma a ɗora a sikeli. Don a tanada wa ƙarfe shekarun da suka rage ki yi ritaya, sai ki biya da waɗannan shekaru na jikinki, kuma waɗanda suka fi amfani: kina koyarwa, kina da 'ya'yan da ba ki aurar ba, kina da ƙarfin tashi bayan tiyata. Ga shi jira ba ya barin abu yadda yake. Naman cinya yana ƙanjamewa, gaɓar tana ƙagewa, baya da ɗaya gwiwar suna karɓar hukuncin laifin da ba nasu ba, kuma wanda ya shiga tiyata a raunane ya fi daɗewa bai miƙe ba. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ƙarfe biyun dare maigida barci yake yi, ke ce ke juyi kina neman inda za ki ajiye ƙafa. Ranar komawa asibiti ki roƙe shi ya raka ki, ya zauna, likita ya ɗaga hoton ya nuna masa gaɓar hagu da ta dama gefe da gefe. Gani ya kori ji, kuma maza da yawa sun fi karɓar magana daga bakin likita fiye da bakin matansu, haka Allah Ya yi su.

Don masu karatu da ke da irin ciwon, in ce wani abu a gurguje. Wanda nasa sai ya yi doguwar tafiya yake tashi, yana barcinsa, paracetamol na kwantar masa, jira ya fi masa: ya rage ƙiba in akwai, ya riƙe motsa jikin da masu gashi suka koya masa, ya riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen da ke ciwo ba. Akwai kuma wanda ba ya jira ko na sati: tsohon da ya zame a banɗaki ya kasa tashi, ƙafar ta gajarce ta juya waje. Wannan wuyan ƙashin cinya ne ya karye, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ake son a yi masa aiki, kwanciyar ɗori tana kai irinsu kabari. Masu sikila kuwa, da masu shan ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone da ake kira sha-ka-fashe, kan ƙashinsu kan mutu saboda jini ya daina isa gare shi, tun suna 'yan shekara 20 zuwa 30. Su da zarar matsematsi ya fara ciwo su nemi likitan ƙashi, don in an kama da wuri akwai ƙaramin aikin da ake gwadawa kafin kan ya rufta.

Surukarki kuma, a bi ta da ladabi. Maɗori aikinsa haɗa abin da ya karye, ke kuwa ba abin da ya karye, abu ne ya ƙare. Ba saiwar da ke mayar da guringuntsi. Abin da nake jin tsoro shi ne tsaga da ƙaho a kan ƙugun, don duk rauni ko ƙurji a fatar wurin zai sa a ɗaga aikin, in kuma ya yi mugunya ya zama babbar matsala. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ƙarin kaya ne a kan ƙodar da dama a gajiye take. Ki ce mata, "Inna, addu'arki nake nema, ita ce ba ni da kamarta." In ta kawo man zaitun ta ce a shafa, ki shafa, ba ya komai a fatar da ba rauni. Tsohuwa so take a san da ita a cikin lamarin.

Sai zancen sujada, wanda na san shi ne ya fi ci miki rai, ya fi kuɗin ma. Yayanki ya faɗi rabin magana. A makonni 6 zuwa 12 na farko, yawancin likitoci kan hana naɗe gaɓar sosai, wato gwiwa ta haura saman ƙugu, su hana harɗe ƙafa da murɗa ta ciki, don naman da ke riƙe sabuwar gaɓar bai gama ɗinkewa ba, tana iya gocewa. A wannan lokaci a kujera za ki yi salla, ba makawa. Bayan nan ya danganta da ta inda aka shiga, ta gaba ko ta gefe ko ta baya, da girman kan da aka sa, da ƙarfin namanki. Na ga waɗanda suka koma kai goshi ƙasa bayan watanni, na ga waɗanda likita ya ce su yi tsayuwa da ruku'u amma su zauna a kujera wajen sujada. Zaman tahiya irin namu, inda ake kwantar da mazauni a ƙasa a fitar da ƙafar hagu ta ƙarƙashin dama, shi ya fi murɗa gaɓar, ya fi sujadar kanta. Don haka ba zan yi miki alkawari ba, kada kuma ki yarda da wanda ya yi miki. Ki tambayi likitanki ƙarara kafin aiki, in ta kama ki sa autarki ta nuna masa zaman a kan darduma, ya faɗa miki abin da yake tsammani.

Amma ki tuna, Maman Halifa, sujadar nan ciwon ya riga ya karɓe ta tun azumin bara. A yadda kike yanzu ba hanyar dawowarta, da aikin kuwa akwai. Kuma sallarki ta kujera ba ragaggiya ba ce. Imrana ɗan Husaini basur ne ya dame shi, ya tambayi Manzon Allah (SAW), ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Masu cewa sa ƙarfe a jiki bai halatta ba kuwa, a tuna masu Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Sauran bayanin ki ji shi daga bakin malaminku.

Ba zan rufe miki haɗarin ba. Mafi muni a cikin waɗanda aka fi gani shi ne ƙwayar cuta ta kama ƙarfen. Kusan mutum 1 cikin 100 ne a wuraren da aka ƙware, amma in ta kama ba wasa, wani lokaci sai an cire komai an yi watanni ana magani kafin a mayar. Suga da ba a daidaita ba yana ƙara wannan haɗari sosai. Akwai gocewar gaɓa, akwai gudan jini da kan daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, shi ya sa ake tayar da mutum ya taka tun ranar aikin ko washegari, ake kuma ba da maganin tsinka jini na makonni. Ƙafa ɗaya kan ɗan fi ɗaya tsawo, wanda galibi ɗan ƙari a takalmi ke gyarawa. Kuma tiyata ce babba, ana iya rasa rai, ko da yake ba kasafai ba. Da duk wannan, cikin ayyukan da na gani ana yi wa ƙashi, ban ga wanda masu shi suka fi dawowa suna sa albarka ba kamar wannan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Watannin da ke gabanki na shiri ne. A yi miki gwajin suga na wata uku, wanda ke nuna yadda yake zaune a jiki, don na safiya ɗaya yana iya yaudara. A daidaita hawan jini. In kina da haƙori mai rami ko dasashi mai kumburi, ko fitsari mai zafi, ko ƙaiƙayi tsakanin yatsun ƙafa, a magance su tukuna, ta nan ƙwayar cuta ke samun ƙofa. Allurar cikin gaɓa kada a sake yi miki ita in aikin ya rage ƙasa da wata uku. Ki koma wajen masu gashi, wannan karon don ƙarfafa cinya da koyon tafiya da sanduna tun kafin ki buƙace su. Ki kuma tanadi masu ba da jini daga cikin 'ya'yanki da ƙannenki.

Gida ma sai an shirya shi, kuma a nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa. Aiki ya yi kyau a asibiti, a dawo gida a tarar da masai na tsuguno da katifa a ƙasa. Wata da na yi jinya, mijinta kafinta ne. Kafin a sallame ta ya zo da igiyar awo ya auna daga diddigenta zuwa bayan gwiwa, ya ƙara yatsu huɗu, ya je ya ƙera kujerar katako mai hannuwa da rami a tsakiya ya ɗora kan masai, ya kuma sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gado har ya kai wannan tsawo. Abin da ake buƙata ke nan. Kujerun falo masu lotsawa, kujerar tsakar gida 'yar tsugunne, tabarma, duk ki yi sallama da su na ɗan lokaci. Ba shara da gajeriyar tsintsiya, ba wanki a duƙe, ba hawa kabu-kabu. Ki sami mace babba da za ta zauna da ke sati biyu zuwa uku na farko, kada a bar wa autarki ita kaɗai. Kwanaki kaɗan ake yi a asibiti, sanduna kamar wata ɗaya zuwa sati shida, yawancin mutane zuwa wata uku sun koma harkokinsu, ƙarfi kuma yana ci gaba da dawowa har shekara.

Wajen yin aikin, ba sai kin haye teku ba. Asibitin ƙashi na Dala a Kano tun 1959 yake, kuma ana wannan aiki a can. A nan gida akwai likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da asibitin Janar Amadi Rimi, su za su duba ki su faɗa miki inda ya dace. Masu hali suna tafiya Indiya ko Masar, ban hana ba, amma tambayar da nake yi masu ita ce: in ɗinki ya fara tsatsafo da ruwa a sati na uku, wa zai duba? Ko ina kika zaɓa, ki tambayi likitan sau nawa yake yin irin wannan aiki a shekara, ba rashin kunya ba ne. Ki tambayi irin ƙarfen da za a sa, ki ce a ba ki takardarsa ki adana, don ko bayan shekara 20 mai gyara zai nemi sanin abin da ke ciki. Ki ce a rubuta miki kuɗin gaba ɗaya, ƙarfe da tiyata da gado da magani da gashin bayan aiki. Miliyoyin naira ne, kuma da yake daga waje ake shigo da ƙarfen, farashinsa dala yake bi, wanda shi ma wani dalili ne da ke sa jira bai cika yin araha ba. Tunda ma'aikaciya ce ke, ki je ofishin inshorar lafiyar da ake cire miki kuɗinta ki ji abin da suke ɗauka da wanda ba sa ɗauka, a rubuce. In a Kano aka yi, tafiyar kusan kilomita 170 ce zuwa gida: kujerar gaba, a tura ta baya, a sa filo, a riƙa tsayawa kina ɗan takawa.

Kuɗin Hajji kuwa, na san abin da shekara bakwai na adashi ke nufi ga mai albashin firamare. Hukuncin na malamai ne, kuma sananne ne cewa Hajji a kan mai iko yake, iko kuwa ya haɗa da lafiyar jiki da guzuri. Ni abin da na sani shi ne tafiyar ƙasa. Safa da Marwa kaɗai, kai da komowa sau bakwai, ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiyar Mina zuwa wajen jifa cikin cunkoso da rana. Macen da ba ta iya hawa Napep sai da ƙwaya, a keken turawa za ta yi wannan duka, tana biyan mai turi. Da ni ce, gaɓar zan fara gyarawa, in sake ɗaura niyya, in roƙi Wanda Ya ba ni na farko Ya ba ni na biyu. Kafin ki taɓa kuɗin ma, ki zauna da maigida da manyan 'ya'yanki da yayan naki mai maganar sujada, kowa ya faɗi abin da zai iya. Jinyarki ba a kanki ke kaɗai take ba.

Ga yadda zan tsara miki lokacin. Wannan satin, gwajin ƙoda da jini da suga, da canza maganin ciwo. Wata biyu zuwa uku masu zuwa, gyaran suga da hawan jini da haƙori da gida da kuɗi. Sannan ki nemi ranar da za ta faɗo farkon dogon hutun makaranta, ki haɗa da hutun rashin lafiya, don tsayuwa gaban allo tana son wata biyu zuwa uku kafin ki koma, in kin koma ma ki nemi doguwar kujera a aji. In da zaɓi, ki kauce wa tsakiyar zafin Afrilu, ba don aikin ba ya yiwuwa ba, sai don kwanciya da bandeji cikin gumi ba wuta azaba ce, ki kuma kauce wa azumi saboda magungunan da za ki riƙa sha a kan lokaci. In sakamakon ƙoda ko suga ya fito ba daɗi, likita na iya ɗaga ranar, ki bi maganarsa a kan tawa.

Ki gaishe mani da mai riƙe butar. In sakamakon ƙodar ya fito, ki rubuto ki faɗa mani abin da ya nuna.